Kifin da Bai Kai Taƙi Ba

Duk wanda ya saba zuwa bakin tafkin Nguru da hantsi ya san Rahima Maiturare, ko da bai san sunanta ba. Ita ce doguwar matar nan ta rumfar kaba ta uku daga inda jirage ke tsayawa, da darurruka a gabanta, hayaƙi na tashi a bayanta. Ba ta taɓa sayar da turare ba. Sunan tsokana ne da ƙawayenta suka laƙaba mata tun tana amarya, domin sana'arta bandar kifi ce, kuma duk inda za ta shiga sai ƙaurin hayaƙi ya riga ta. Ita kuwa ta karɓi sunan hannu biyu. In za ta gidan biki takan turara kayanta tun jajibiri, ta shiga taro tana cewa, "To ga Maiturare ta iso, yau kam na gaske ne."

'Yar Badawa ce, haifaffiyar wani ƙauye a bakin kogi kusa da Gashua. Mahaifinta masunci ne irin na da, mai kifa ciki a kan gora ya bi ruwa da koma a hannu. Tana da shekara tara mahaifiyarta ta rasu, ta bar ta da ƙaninta Ya'u yana rarrafe. Sai ƙanwar mahaifinsu, Gogo Hafiza, ta kwashe su biyun ta kai su cikin garin Gashua, inda take banda a bayan kasuwa. A hannun Gogo ta koyi komai: yadda ake farke karfasa a wanke ta tas, yadda ake naɗe tarwaɗa a soke ta da tsinke ta zama kamar gammo, da yadda ake danne wuta ta ba da hayaƙi maimakon harshe. Gogo ba ta yabon kowa. In aiki ya yi kyau sai ta ɗaga kifin, ta juya shi, ta ajiye, ta ce, "To." Shi ke nan.

Abdulbaƙi kafinta ne daga Nguru, mai gyaran jiragen ruwa. Ya zo Gashua yin wani aiki na kwana uku, ya tsaya sayen kifi a rumfar Gogo, sai aikin ya zama na wata guda. Bayan sallar layya aka ɗaura masa aure da Rahima, ta tare a Nguru. Suka haifi 'ya'ya huɗu. Da Ya'u ya zama saurayi ya biyo yayarsa, Abdulbaƙi ya haɗa masa jirgi da hannunsa, ya shiga sana'ar su, ya yi aure, ya zauna a unguwar da ke bayansu.

A shekarun farko ruwa na da albarka. Rahima kan ce a lokacin in jirgi ya tsaya, mace biyu ke kama kifi ɗaya su ɗora a kan wayar murhun banda. Motoci na lodin kwalayen banda suna yin Kudu da su duk ranar kasuwa. Sannu a hankali abin ya canja. Kacalla, doguwar ciyawar ruwan nan, ta cinye hanyoyin da ruwa ke bi ya shigo fadama, har jirgi ba ya iya ratsawa. Ruwa ya daina kaiwa inda kifi ke zuwa ya yi ƙwai. Da kifi ya ragu, masunta suka matse idon taru, wasu har da gidan sauro suke ja. Abin da ke zuwa bakin ruwa sai 'yan mitsi-mitsi, waɗanda ba sa tsayawa a kan waya sai dai a shanya su a tabarma. Matan banda kuma suna saya, Rahima ma tana saya, domin ba a zauna da murhu a sanyaye ba.

An taɓa yin babban taro a kan haka. Ma'aikata suka zo, masu unguwanni da sarakunan ruwa da arɗo-arɗo suka zo, aka rubuta tsari mai kyau, kowa ya sa hannu. Kwafi ɗaya yana gidan Babakura, sarkin ruwan Nguru, a naɗe cikin leda a ƙasan akwati. Damina biyu ta wuce a kansa. In ka tambayi masunci sai ya ce aikin gwamnati ne. In ka tambayi ma'aikaci sai ya ce masu gari ake jira.

Sai aka sake kiran taro, wannan karon a Jajimaji, don kada mutanen Nguru ko na Gashua su ce su aka wahalar. Shugabar matan banda ta tafi jinyar 'yarta, saboda haka aka ce Rahima ta je ta cike gurbi. Ta je ne da niyyar ta zauna a baya ta dawo da labari.

Wanda ke jan taron wani jami'in kula da kamun kifi ne, Malam Nuraini, ɗan siriri mai haƙuri. Ya ce ba sabuwar takarda aka zo rubutawa ba, tsohuwar ce za a karanta layi-layi, duk layin da aka karanta sai an sami wanda ya ce, "Wannan nawa ne." Haka aka yi. Yankan kacalla duk Asabar kafin ruwa ya zo, masunta suka ɗauka. Barin ƙofa a jikin gaɓar gona don ruwa ya wuce, manoman shinkafa suka ɗauka. Shayar da shanu a mashaya biyu kawai, arɗo ya ce ya ji, zai gaya wa mutanensa. Rufe tafkunan da kifi ke ƙwai da damina, sarakunan ruwa suka ɗauka. Da aka zo kan hana kama ƙananan kifi sai aka rasa mai ɗauka. Wani ya ce 'yan sanda. Wani ya ce ma'aikata. Malam Nuraini ya yi murmushi ya ce su uku ne a ofis, babur ɗaya gare su, ruwan kuma ya fi ƙarfin ido uku.

Rahima ta ce ba ta san lokacin da ta miƙe ba.

"Malam, ina da tambaya. Wanda ya kama ɗan kifin, ci yake yi?"

"Sayarwa yake yi, Hajiya."

"Ban je Makka ba tukuna, amma Allah ya amsa bakinka. Wa yake sayar wa?"

Aka yi dariya, domin kowa ya san amsar.

"To mu ne," in ji ta. "Ba sai an bi kowa cikin ruwa ba. Duk inda ya je, bakin rumfarmu zai dawo. In ba mu saya ba, gobe ba zai kama ba. Wannan layin namu ne, a rubuta."

A mota kan hanyar komawa ne tsoro ya kama ta. Ta ɗauko wa mata arba'in alkawari ba ta shawarce su ba. Da ta isa gida ta gaya wa mijinta, tana jira ya ce ta yi gaggawa. Shi kuwa sai ya tambaye ta girman da aka yanke.

"Taƙi guda, Malam."

"Taƙin wa? Hannunki ba ɗaya ba ne da na Babakura. Gobe za a fara rigima a kan yatsu."

Washegari ya ɗauko wani tsohon allon jirgi, ya auna da tef ɗinsa daidai yadda aka rubuta a takarda, ya yanka 'yan sanduna arba'in da biyar tsawonsu ɗaya, ya goge su sumul, ya huda kowace ya sa mata igiya. Rahima ta bi rumfa-rumfa tana rabawa tana bayani. Wasu suka karɓa da murna, wasu suka karɓa don kunyarta. Wata ta ce, "Maiturare, kin je taro sau ɗaya kin dawo mana da doka." Amma ta rataya sandar.

Kwana huɗu da farawa, jirgin da ya tsaya a gaban rumfarta na Ya'u ne. Ya sauke daro biyu. Tun kafin ya ƙaraso ta ga abin da ke ciki. Ta tsinci manya guda bakwai ta ware gefe, ta ɗauki ɗaya daga cikin sauran ta ɗora a kan sandar, bai kai rabi ba. Matan rumfunan kusa duk sun daina abin da suke yi suna kallo.

"Waɗannan bakwai zan ɗauka, Ya'u."

"Yaya, ni ne fa."

"Na gan ka. Da wani ne da abin ya fi mini sauƙi."

"Tun asuba nake cikin ruwa. Me zan kai gida?"

"Ka turo matarka Zulaihat ta ɗebi gero a wurina. Amma wannan ba zan ɗora shi a wuta ba."

Ya ji zafin maganar geron fiye da ƙin sayen. Ya kwashe har bakwai ɗin ya mayar cikin daro.

"Ba komai. Mota na tasha. Kafin azahar yana Gashua, Gogo za ta saya, ba ta da sanda."

Haka kuwa aka yi, kuma ba shi kaɗai ba. Cikin mako guda duk ɗan kifin da aka ƙi a Nguru sai a zuba shi a buhu a ɗora wa direbobin Gashua. Matan Nguru suka zauna da rabin wayoyinsu fayau, suna kallon buhuna na wucewa. Ba wadda ta yi wa Rahima faɗa, amma gaisuwar safe ta gajarce.

Ranar Laraba ta ɗaure sanduna ashirin a ɗankwali, waɗanda Abdulbaƙi ya ƙara yankawa, ta shiga mota. Ta sami Gogo Hafiza a inda ta bar ta shekaru talatin baya, ta tsufa, ido ya yi rauni, amma har yanzu duk matan bayan kasuwa ita suke saurare. Rahima ta durƙusa ta gaishe ta da Badanci, suka daɗe suna tambayar gida da yara. Sannan ta kwance ɗankwalin.

Gogo ta ɗauki sanda ɗaya ta shafa ta.

"Aikin mijinki ne wannan. Ya iya hannu. Na ji labarin abin da kika yi wa ƙaninki."

"Gogo, in ban fara da shi ba, wa zai ji maganata?"

"Ban ce kin yi laifi ba. Amma zo in tambaye ki. An ce maza za su yanke kacalla duk Asabar. Asabar nawa ta wuce?"

"Uku."

"Sun yanka?"

 Rahima ba ta je ta duba ba.

"Ni na aika an duba ta nan ɓangarenmu," in ji Gogo. "Ko lauje ba a jiƙa ba. Ke kin ɗauki naki kin ɗora a ka, kina gudu ke kaɗai. Ba zan ce wa matan nan su kashe wutarsu ba alhali maza na kwance a inuwa. Ki bar sandunan a nan. Ranar da na ji ruwa ya ratsa ta mashigar arewa ya shiga fadama, da hannuna zan raba su."

Rahima ta koma Nguru rai ba daɗi, amma ta san gaskiya aka gaya mata. Da safe ta roƙi Abdulbaƙi ya tuƙa ta zuwa mashigar. Suka tarar da kacalla ta fi tsayin mutum, a tsaye kamar katanga, tsuntsaye na ta hayaniya a ciki. Daga nan ba su zarce ko'ina ba sai ƙofar gidan sarkin ruwa.

Babakura dattijo ne mai sauƙin kai. Ya saurare ta har ta gama, sannan ya ce, "Maiturare, na yi shela sau uku. Mutum shida suka fito, ni ne na bakwai. Kowa na cewa in ya bar kamun kifi ranar Asabar, maƙwabcinsa zai je ya kama rabonsa. Ba ni da igiyar da zan ɗaure su."

"Ranka ya daɗe, in ranar Asabar ba mai saye fa?"

Ya ɗago ya dube ta.

"Ko babba ko ƙarami," in ji ta. "Mu rufe rumfuna. Wanda ya je su sai dai ya kai wa matarsa ta dafa. Mu kuma tunda ba aiki, mu zo bakin mashiga da tukwane."

Shawo kan matan ya fi wannan wuya, kwana biyu ta yi tana yawo. Abin da ya taimake ta shi ne ta daina cewa an ce a taro. Sai ta ce, "Mu mun yi namu, su ba su yi nasu ba, zuwa za mu yi mu tsaya a kansu." Wannan kam ya yi wa kowa daɗi. Ta kuma buga wa Gogo waya ta gaya mata. Gogo ta ce rufe rumfa na yini ɗaya abu ne da za ta iya sa matan Gashua su yi, don direbobi kada su sami inda za su kai.

Asabar ta zo, ba hayaƙi ko ɗaya a bakin tafki. Masuntan da suka gwada fita da sassafe suka dawo suka tarar da rumfuna a rufe, suka tsaya cirko-cirko, daga baya suka bi ƙamshin miya zuwa mashiga. Kafin rana ta take an fi mutum ɗari a cikin ruwa, wasu iya ƙugu wasu iya ƙirji, suna nutsa lauje suna yanke ciyawar daga tushe. Matsattsaku na kama ƙafafu, ana ɓamɓarewa ana zagi ana dariya. Da tarin ciyawar ya fi ƙarfin hannu, sai ga arɗo ya zo da bijimai huɗu, aka ɗaura igiya suna jan ta zuwa tudu. Manoma suka zo da fartanya suka buɗe gaɓoɓin da suka tare hanya. Mata suka sauke burabusko da miyar kuka, aka ci a tsaye. Malam Nuraini ya iso a kan babur da niyyar ya ɗauki hoto, aka miƙa masa lauje, ya naɗe wando ya shiga.

Ya'u ma ya zo. Ya yi aiki fiye da kowa, amma da ya zo karɓar abinci ya tsallake tukunyar yayarsa ya je ta gaba.

Asabar biyar aka yi ana haka, mutanen Gashua na yanko tasu daga can. Da ruwan sabuwar shekara ya iso, ya shiga ta mashigar arewa ya malala cikin fadamar da ta yi shekaru ba ta gan shi ba. Ran nan da la'asar wayar Rahima ta yi ƙara. Gogo ce. Ba ta yi doguwar gaisuwa ba, ta ce, "To. Na raba."

Shekarar farko an sha wuya, ba mai musun haka. An rufe tafkunan ƙwai wata uku, wasu matan suka koma sayar da ƙosai kafin a buɗe. An kama mutum biyu suna jan gidan sauro, Babakura ya sa aka ƙone shi a gaban jama'a. Akwai kuma masu saye a ɓoye, har yau ma akwai, Rahima ta san wasunsu da suna. Amma da aka buɗe ruwa bayan kaka ta biyu, karfasa ta fara zuwa da faɗin tafin hannu biyu, tarwaɗa ta koma naɗuwa a tsinke.

Wata goma sha huɗu Ya'u bai taka gidanta ba, ko da yake matarsa Zulaihat ba ta daina zuwa ba, kuma yaransa a can suke wuni. Rahima ba ta aika masa kowa ba. Wata safiya tana hura wuta sai ta ji an jefa abu mai nauyi a cikin daronta. Kifin bargi ne, ya kusa tsawon hannu, yana ta bugun jela. Ya'u na tsaye yana kallon wani wuri.

"A auna shi, Yaya, kada a ce bai kai ba."

Ta dubi kifin, ta dube shi. "Ka karya kuwa?"

"Ban karya ba."

"To zauna, akwai kunu."

Ya zauna a kan turmi ya sha, suka yi hirar ciwon ƙafar Gogo da tsadar zaren taru. Kifin ba ta sa shi a banda ba, dafa shi ta yi aka raba gida biyu.

Yanzu Rahima ta haura hamsin da biyar. 'Yarta ta fari, Zainabu, tana koyarwa a Dapchi, na biyun ya gaji ubansa a gyaran jirgi. Duk bayan wata uku ana haɗuwa, wani lokaci a Nguru wani lokaci a Gashua, a karanta layukan nan ɗaya bayan ɗaya, mai kowane layi ya tashi ya faɗi abin da ya yi da abin da ya gagare shi. Akan yi musu, wani lokaci har a ɗaga murya. Kacalla kuma ba ta san an yi yarjejeniya ba, duk shekara sai ta dawo, duk shekara sai an sake shiga ruwa. Bara Rahima ta ce ta gaji da zama a gaba, aka zaɓi Sa'adiya, wata mai ƙuruciya da ta iya karatun boko, ita ke magana da sunan matan banda.

A zaman da aka yi na ƙarshe, Sa'adiya ta dawo da sabon layi. Makiyaya sun kai kuka cewa itatuwan bakin fadama na ƙarewa, kuma murhun banda ne ke cinye su. An amince kowace rumfa ta dasa bishiya biyar ta kula da su har su fi ƙarfin awaki, kuma a gwada wani sabon murhu na laka mai cin itace kaɗan. Rahima ta ce ita shekara arba'in tana banda ba wanda ya koya mata hura wuta, sai yanzu. Ta yi mitar kwana biyu. A rana ta uku aka gan ta a bayan rumfa ta tattare zane, tana cuɗa laka da ƙafa, Abdulbaƙi na tsugune da tef yana auna mata faɗin ƙofar murhun, suna gardama a kan ko ta fuskanci gabas ko kudu.